Ciniki da azzalumi don a buɗe ƙofar kurkuku: yaya ake yin sa, kuma wa ke cin riba?

Auwalu: Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga manyanmu. Duk sa'ad da aka ce an saki fursunonin siyasa bayan ziyarar wani jakada, abin da muke gani shi ne jirgi da rungume-rungume. Me ake yi kafin a kai ga jirgin? Kuma ba ƙara wa azzalumi kwaɗayi ake yi ba?

Dakta Lawal: Wa alaikumus salam, Auwalu. Aikin farko ba zama da gwamnati ba ne, rubuta sunaye ne. Gwamnatin kama-karya ba ta taɓa yarda cewa tana da fursunan siyasa. A takardarta mutumin ɗan ta'adda ne, ko maci amanar ƙasa, ko wanda ya ƙi biyan haraji. Idan ka je mata da maganar "ku saki fursunonin siyasa", amsar a shirye take: ba mu da ko ɗaya. Shi ya sa ake zuwa da jerin sunaye, kowane suna da cikakken bayaninsa: yadda ake rubuta shi a harshen hukumar ƙasar, ranar haihuwa, ranar kamu, sashen dokar da aka tuhume shi da shi, lambar shari'a, kotun da ta yanke hukunci, shekarun ɗauri, gidan yarin da yake, ranar ƙarshe da iyali ko lauya suka sa shi a ido, da ciwon da ke damunsa. Harafi ɗaya ya kauce, sai a dawo maka da takarda cewa an duba babu mai wannan suna, wata uku ya tafi a banza. Wannan aikin ƙungiyoyi ne suke yinsa shekara da shekaru: Viasna a Belarus, AAPP a Myanmar, Foro Penal a Benezuwela, Memorial a Rasha, da gidauniyar Dui Hua da ke miƙa wa hukumomin Sin sunaye.

Daga nan kuma ba saki ake fara nema ba. Ƙananan abubuwa ake fara roƙo: hujjar cewa mutum yana raye, ganin lauya, shigar da magani, fitar da shi daga ɗakin kaɗaici. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Mandela, sun haramta kaɗaicin da ya wuce kwana 15 a jere, to kana da abin kafa hujja. Amfanin ƙananan buƙatun nan biyu ne. Suna sauƙaƙa wa fursuna, sannan suna nuna maka ko wanda kake magana da shi yana da mabuɗi. Wanda ya kasa shigar da kwalbar magani ba zai fito maka da mutum ba.

Hajiya Bilkisu: Dakta ya taɓo inda ake yawan ɓata lokaci. Ma'aikatar harkokin waje ita ke da shayi da murmushi, amma ba kasafai take riƙe da mabuɗi ba. Nazanin Zaghari-Ratcliffe, 'yar Birtaniya kuma 'yar Iran, dakarun juyin juya halin Iran ne suka kama ta a 2016, ba ma'aikatar waje ba. Musayar fursunoni da aka yi tsakanin Rasha da ƙasashen Yamma a Ankara ranar 1 ga Agusta 2024 ma ta hannun hukumomin leƙen asiri aka ƙulla yawancinta. Idan babu hulɗa kai tsaye, sai a nemi mai shiga tsakani wanda kowa ke jin kunyarsa: Oman, Katar, fadar Fafaroma, ko Suwizalan wadda ke kula da muradun Amurka a Iran tun 1980. Wani lokaci ma mutum ɗaya ne, kamar lauyan nan na Jamus ta Gabas, Wolfgang Vogel, wanda ya shafe shekaru yana dillancin irin wannan ciniki.

Malam Garba: To ai gara da kika ambaci Vogel, Hajiya, don shi ne hujjata. Daga farkon shekarun 1960 zuwa 1989 Jamus ta Yamma ta fanshi fursunonin siyasa sama da 33,000 daga Jamus ta Gabas, a kan kuɗin da ya kai kusan mak (kuɗin Jamus ta Yamma) biliyan uku da rabi. Da farko kan mutum ɗaya mak 40,000 ne, daga baya ya haura 95,000. Yawanci ba tsabar kuɗi ake bayarwa ba, kaya ne irin su ɗanyen mai da tagulla, ta hannun ƙungiyar agaji ta coci. Har motocin safa aka tanada masu lamba mai juyawa: a cikin Gabas lambar Gabas, da an tsallaka iyaka direba ya juya ta koma ta Yamma. Ku gaya mini, wannan ceto ne ko kasuwa? Gwamnatin ta rabu da masu damunta, ta kuma sami kuɗin waje da take matuƙar buƙata. Wanda ya ga hajarsa tana tafiya, ai sari zai ƙaro.

Kuma dubi Ankara. An fito da mutum 16 daga Rasha da Belarus, an mayar wa Rasha 8. Cikin takwas ɗin har da Vadim Krasikov, wanda kotun Jamus ta yanke wa ɗaurin rai-da-rai saboda kisan da ya yi da rana tsaka a wani lambun shaƙatawa na Berlin a 2019. Putin da kansa ya tarbe shi a filin jirgi. Wane saƙo aka aika wa makashi na gaba?

Hajiya Bilkisu: Allah ya gafarta Malam, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, amma ka haɗa kaya biyu a buhu ɗaya. Akwai baƙo da ake kamawa don a yi garkuwa da shi, akwai ɗan ƙasa da ake kamawa don a rufe masa baki. A na farko, ƙwarai, biya yana jawo wani kamun. Beljiyam ta mayar wa Iran jami'inta Asadollah Assadi, wanda ta ɗaure kan yunƙurin kai harin bam, a 2023 don karɓo ma'aikacin agajinta, Suwidin ta mayar mata da tsohon jami'in gidan yarinta Hamid Nouri a 2024, kuma kowa ya ga darasin da Tehran ta ɗauka. Amma ɗan ƙasa, ko da mai saye ko babu za a kama shi, domin kujera ake karewa. Shugaban Belarus Lukashenko bai cika gidajen yari a 2020 don ya sayar ba, ya cika su ne don ya tsira da mulkinsa. Sayarwar daga baya ta zo. In ka ƙi ciniki ba ka hana kamu ba, ka dai bar mutum ya ruɓe a ciki.

Inda nake tare da kai shi ne wajen lissafi. Ba adadin waɗanda aka saki ake ƙirgawa ba. A ɗauki adadin da ke tsare ranar da aka fara magana, a sake ƙirgawa bayan wata shida. Idan an saki 50 ta ƙofar gaba an shigo da 70 ta ƙofar baya, an yi ba a yi ba. Saboda haka dakatar da sabon kamu dole ya shiga cikin sharuɗɗa, ba saki kaɗai ba.

Malam Garba: Wa zai tilasta sharaɗin bayan an riga an biya?

Hajiya Bilkisu: Shi ya sa ba a biya duka a tashi ɗaya, kuma ba a biya da abin da ba ya dawowa sai in babu makawa. Rangwame iri biyu ne. Akwai wanda za ka iya janyewa: dakatar da takunkumi na wa'adi, lasisin ciniki na wata shida, izinin sauka ga jiragen ƙasar. Akwai wanda in ya tafi ya tafi: sakin ɗan leƙen asiri, tsabar kuɗi a hannu, hoton gaisawa da shugaba. Benezuwela ta nuna duka biyun. A Oktoba 2023, bayan yarjejeniyar Barbados, Amurka ta ba da lasisin man fetur na wata shida. Da shugaban Benezuwela na lokacin, Maduro, ya saɓa alkawarin zaɓe, aka ƙi sabunta shi a Afrilu 2024. Amma Alex Saab, na hannun damansa da ke tsare a Amurka, da aka mayar masa a Disamba 2023, wannan ba ya janyuwa. Tarayyar Turai kuma ta yi gaggawa da Belarus: an saki mutum shida a Agusta 2015, ciki har da ɗan adawa Mikalai Statkevich, aka dakatar da takunkumi a Oktoba, a Fabrairu 2016 aka ɗage wa mutum 170 gaba ɗaya. Dokokin da aka ɗaure mutanen da su kuwa suna nan daram, ba a taɓa ko ɗaya ba. Sai 2020 ta zo.

Kuɗi ma akwai dabara. Dala biliyan 6 na Iran da aka kwaso daga Koriya ta Kudu a Satumba 2023 ba Tehran aka kai su ba, asusu aka buɗe a Katar, da sharaɗin abinci da magani kawai za a saya. Mabuɗin asusun bai bar hannun mai shiga tsakani ba.

Barista Zainab: Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren shari'a, domin kalmar "saki" tana ruɗar mutane. Takardar da aka fito da mutum da ita ita ce komai. Janye tuhuma ko soke hukunci shi ne mafi tsafta, kuma shi ne mafi wuyar samu, don gwamnati ta amsa kuskure ke nan. Afuwa tana biye, amma sau da yawa sai fursuna ya rubuta takardar roƙo, wadda a idon hukuma amsa laifi ce, gobe a karanta ta a talabijin. Sassauci yana rage shekaru ne kawai, hukuncin yana nan a kansa: Paul Rusesabagina da Ruwanda ta saki a Maris 2023, bayan Katar ta shiga tsakani, sassauta masa ɗaurin shekara 25 aka yi, ba wanke shi aka yi ba. Sai sakin jinya, wanda Sin ta yi amfani da shi ta tura ɗan adawa Wei Jingsheng Amurka a 1997 da ɗan'uwansa a gwagwarmaya Wang Dan a 1998. Mafi haɗari shi ne dakatar da hukunci. A Myanmar sashe na 401 na dokar shari'ar laifuka ya ba da damar a saki mutum bisa sharaɗi, in aka sake kama shi da wani abu sai ya cike ragowar tsohon ɗaurin. Mutum yana yawo a gari amma igiya na ƙafarsa.

Don haka mai tattaunawa ya tambayi abu biyar kafin ya ce ya sallama: wace takarda za a ba shi, akwai wata shari'ar da ke jiransa a aljihun tebur, za a mayar masa da fasfo, an hana shi magana ko aiki ko tsayawa takara, kuma yaya batun dukiyar da aka ƙwace. Tambaya ta biyu ita ce tarkon Masar. Doka ta ƙayyade tsarewa kafin shari'a da shekara biyu, to in wa'adin ya kusa sai a buɗe wa mutum sabon fayil da tuhuma iri ɗaya, lissafi ya koma farko. Lauyoyin can suna kiransa tadwir.

Auwalu: Barista, in gwamnati ta ce wane ba ɗan siyasa ba ne, ya ɗauki makami, wa ke raba gardama?

Barista Zainab: Ƙanena, nan ne ake kai ruwa rana. A Afirka ta Kudu, zaman Groote Schuur na Mayu 1990 tsakanin gwamnati da ANC sai da ya kafa kwamiti na musamman don fayyace mene ne laifin siyasa. Sun jingina da ma'aunin da masanin shari'a ɗan Denmak, Carl Norgaard, ya tsara a Namibiya: niyyar mai laifin, yanayin da abin ya faru, wanda aka nufa da harin, da ko aikin ya yi daidai da manufar ko ya wuce gona da iri. Duk da haka sai da gardamar ta ja har 1992. Hanyar da ta fi aiki ita ce a kasa jerin gida uku: waɗanda babu jayayya a kansu a sake su yanzu, waɗanda ake jayayya a miƙa wa kwamiti mai wakilan ɓangarorin biyu da alƙali na waje, na ukun a ajiye zuwa sulhun ƙarshe. Kuskure shi ne a riƙe kashin farko sai an gama da na uku. Ra'ayin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, wanda aka kafa a 1991, ba ya tilasta kowa, amma yana ba jakada takardar da zai ɗora a tebur ba tare da an ce ra'ayin ƙasarsa ba ne.

Malam Ɗanjuma: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da kora ta zama saki. Ranar 9 ga Fabrairu 2023 Nikaragua ta zuba mutum 222 a jirgi zuwa Washington, nan take aka tsige musu zama 'yan ƙasa. Sai Sifaniya ce ta yi musu tayin nata. Bishop Rolando Álvarez ya ƙi hawa jirgin, washegari aka yanka masa shekara 26. A Kyuba a 2010, da Kadinal Jaime Ortega da ministan wajen Sifaniya suka sasanta sakin mutum 52, waɗanda suka yarda su tafi Sifaniya su aka fara fitarwa, waɗanda suka ce suna nan a ƙasarsu sai da suka ƙara watanni, na ƙarshensu sai Maris 2011. Ɗan adawar Rasha Ilya Yashin ya fito fili bayan musayar Ankara ya ce shi bai nemi a fitar da shi daga Rasha ba, korarsa aka yi. Shi da ɗan'uwansa ɗan adawa Kara-Murza duk sun ƙi sa hannu a takardar neman afuwa.

Ku tuna Statkevich a Satumba 2025. An kwaso mutum 52 daga gidajen yarin Belarus zuwa iyakar Lituwaniya, Amurka kuma ta sassauta wa kamfanin jiragen Belarus, Belavia, takunkumi. Dattijon ya sauka daga mota ya ƙi tsallakawa. Kyamarar iyaka ta nuna shi zaune shi kaɗai a tsakanin shingayen biyu na tsawon sa'o'i, daga baya aka zo aka koma da shi ciki. 'Yar adawar Belarus Maria Kolesnikova ma a 2020 yayyaga fasfonta ta yi a iyakar Yukren don kada a fitar da ita. Waɗannan ba mahaukata ba ne. Sun san ɗan adawa in ya bar gida, muryarsa ta ragu da rabi.

Dakta Lawal: Gaskiya ne Malam Ɗanjuma, kuma maganinsa a aikace shi ne neman yardar fursuna, ba ta bakin mai gadinsa ba. Wani na waje ya gan shi su biyu, babu jami'i a ɗakin, ya gaya masa zaɓin da ke akwai da abin da zai biyo bayan kowanne. Wannan ganawa ta sirri tana cikin sharuɗɗan da Red Cross ba ta sassautawa kafin ta shiga kowane gidan yari, tare da ganin kowa da kowa da damar sake dawowa, ko da yake ita ba saki take nema ba. Sannan a rubuta cewa wanda ya ƙi fita ba za a ƙara masa hukunci ba. Amma kada mu ɗora wa kowa jarumtar Mandela, wanda ya yi watsi da tayin shugaba Botha na sakinsa bisa sharaɗi a 1985 ya ƙara shekara biyar. Mai ciwon zuciya da 'ya'ya ƙanana in ya sa hannu ya fita, babu mai hurumin zarginsa daga kan kujerarsa.

Auwalu: To surutu a kafafen labarai yana taimako ko ɓatawa yake?

Malam Ɗanjuma: Kowanne yana da ranarsa. Shiru kaɗai ya kasa ceton Ken Saro-Wiwa: Mandela ya bi ta lallashi, aka rataye shi ranar 10 ga Nuwamba 1995 ana tsakiyar taron ƙungiyar Commonwealth a Auckland. Surutu kuma yana tsadar da mutum, don gwamnati ta gane tana riƙe da kaya mai daraja. Abin da ke aiki shi ne rabon aiki. Iyali da ƙungiyoyi su yi ta ihu don sunan ya shiga takardar shugabanni, kamar yadda matar Sharansky, fursunan siyasa a Tarayyar Sobiyet, ta yi shekara tara tana yi, jakada kuma ya yi shiru ya bar wa gwamnati hanyar fita da mutuncinta. In ta ce ta yi ne don jinƙai ko albarkacin ranar 'yanci, a bar ta ta faɗa. Da ciniki ya kusa faɗawa, kowa ya kama bakinsa, domin labari in ya fita kafin lokaci masu tsattsauran ra'ayi na cikin gida su ke wargaza shi.

Lokaci ma a lura da shi. Ana samun saki ne idan gwamnati tana son wani abu mai rana: taron ƙoli, rance, ziyara, gasar wasanni. Sin ta saki Wei Jingsheng a Satumba 1993, kwanaki kaɗan kafin zaɓen birnin da zai karɓi gasar Olamfik ta 2000. Beijing ta faɗi, a 1994 aka sake kama shi.

Hajiya Bilkisu: Sai ranar kanta, wadda ba a fafe gorarta a ranar tafiya. A amince da filin jirgi na ƙasar da ba ta da ɓangare, kamar Zurich da aka yi musayar Bukovsky, ɗan adawar Tarayyar Sobiyet, da Luis Corvalán, shugaban 'yan gurguzun Chile, a Disamba 1976. A tantance kowane mutum da hoto da wanda ya san shi kafin ɗaya ɓangaren ya saki nasa. A sa likita a jirgi, domin wanda ya daɗe cikin yunwa in aka cika masa ciki a tashi ɗaya yana iya mutuwa. A tanadi takardar tafiya da izinin zama tun kafin a tashi, don da yawa ana fito da su babu fasfo. Har jerin tafiya ana ciniki a kansa: a gadar Glienicke, tsakanin Jamus ta Gabas da Berlin ta Yamma, a Fabrairu 1986 Amurka ta dage sai Sharansky ya tsallaka shi kaɗai tukuna, kafin 'yan leƙen asirin, don kada a ce shi ma ɗaya ne daga cikinsu.

Jinkiri kuma yana kisa. Ana cikin maganar sa jagoran adawar Rasha Navalny a musaya ya mutu a gidan yari ranar 16 ga Fabrairu 2024. Liu Xiaobo na Sin ya mutu a tsare a 2017. Shi ya sa marasa lafiya ke hawa saman jeri ko da ba su da suna.

Malam Garba: Wannan "ko da ba su da suna" a baki ne kawai, Hajiya. A aikace mai fasfon waje da wanda ya ci lambar yabo su ake ɗauka. Ahmadreza Djalali da Iran ta tsare yana da takardar zama ɗan Suwidin, da hukuncin kisa a kansa, amma musayar Suwidin da Iran ta 2024 ta tafi ta bar shi. To ina ga malamin makarantar da aka ɗaure kan rubutu ɗaya a Facebook, wanda babu jakadan da ya taɓa jin sunansa?

Barista Zainab: Shi ya sa gogaggun masu tattaunawa ke neman saki ta rukuni maimakon ta suna: duk wanda ya haura shekara 60, duk mai cuta mai tsanani, duk uwa mai ƙaramin yaro, duk wanda aka ɗaure ƙarƙashin sashe kaza. Rukuni yana kwaso wanda ba a sani ba. Kuma a hana gwamnati cika adadi da ɓarayi da waɗanda saura musu sati biyu su gama. A afuwar Myanmar ta Janairu 2012 an ce mutum 651, amma sai da ƙungiyoyi suka bi suna bayan suna kafin a san nawa ne na siyasa a ciki. Bayan saki kuma a ci gaba da bibiya, a kwana 30, a kwana 90, a shekara. A Kyuba, ɗan adawa José Daniel Ferrer ya fito a Janairu 2025 cikin yarjejeniyar mutum 553 da fadar Fafaroma ta shiga tsakani, a Afrilu aka mayar da shi.

Malam Garba: Kwanaki kaɗan bayan mutuwar Fafaroman da ya tsaya masa, kuma bayan sabuwar gwamnatin Amurka ta janye abin da ta baya ta bayar. To a nan wa za a ce ya fara saɓa alkawari, Barista? Wannan ma sai a sa shi a takarda tun farko: in mai biya ya canza, me zai sami waɗanda aka riga aka saki.